Mahadi da Bindigar da Ba Ta Shiga Makka ba

A tashar bas ta unguwar Aziziyya a Makka, in ka ce kana neman Mahadi, sai an tambaye ka wanne. In ka ce mai ido, ko sabon zuwa zai nuna maka shi. Direba ne, haifaffen Makka, ɗan ƙasa kamar ubansa. Kakansa ne ya taho daga ƙasar Sakkwato da ƙafa, ya yi aikin Hajji, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma, hutun da har ya rasu bai gama ba. Larabawa abokan aiki na kiransa Abu Nawaf, da sunan babban ɗansa. Uwarsa kuwa, Inna Hure, Auta take ce masa har ya yi furfura.

Idon da ake faɗa ba wasa ba ne. Yana karanta lambar bas tun tana can bakin ramin dutse, lokacin da sauran direbobi ke gardamar ko bas ce ko tankar ruwa. A yammacin Arfa, sa'ad da jama'a ke ɗaɗɗaure kaya za su gangara Muzdalifa, ba a rasa jagoran alhazan da zai zo yana haki, ya ce tsoho ɗaya ya ɓace masa. Sai Mahadi ya hau rufin motarsa, ya tambayi kalar lemar tsohon da yadda yake tafiya, ya tsaya yana bin fararen kaya da kallo. Sau da yawa sai ka ji ya ce, "Ga shi can gindin famfo, yana neman takalminsa." Ba a biyansa kome sai addu'a, shi ma bai taɓa neman wani abu ba.

Abin da ya so tun yana yaro shi ne ya auna abu daga nesa ya same shi. Sai dai Allah ya ajiye shi a garin da ba a taɓa ko tsuntsu. Ya taɓa haɗa gwafa da robar tayar keke, bai kai ga harba ta ba Inna Hure ta gan shi yana fakon wata tattabara a kan katanga. Dukan da ya sha a ranar, maƙwabta sun daɗe suna ba da labarinsa. Ita Inna, an zo da ita Makka tana goye, amma ta riƙe garin kamar baƙuwar da ke tsoron kar ta ɓata wa mai gida rai. A ɗakinta ba a miƙe ƙafa wajen Harami. Ba a tofar da yawu ta can. In ta gama yanka albasa, sai ta juya tsinin wuƙar ya kalli wani wuri kafin ta ajiye. Ranar da suka tare a Aziziyya, sai da ta sa aka jujjuya gadajen gidan duka, har ƙofar kabad ɗaya ta daina buɗuwa. 'Ya'yanta sun tashi sun san inda Ka'aba take ko da idonsu a rufe.

Jifa ɗaya ce aka yarje masa, ta Shaiɗan, sau ɗaya a shekara. Yakan tsaya can baya inda ba turereniya, ya auna ginshiƙin, tsakuwarsa ta wuce kan mutane ta same shi. Daga baya hukuma ta mai da ginshiƙan faffaɗan bango don sauƙaƙa wa alhazai. Kowa ya yaba, Mahadi ma ya yaba, amma ya ce wa matarsa Nasiha yanzu ko makaho ba ya kuskure.

Ya girma, ya yi aure, ya kama tuƙi. Wani hutun zafi ya kai iyalinsa Ɗa'ifa shan iska, suka iske rumfar da ake harbin balan-balan da bindigar iska. Ya ce bari ya gwada. Kafin su bar wurin Nasiha na rungume da 'yan tsana har tana leƙen hanya ta gefe, mai rumfar kuma na roƙonsa da girman Allah ya je ya gwada lilo. Daga nan ne wani ya ba shi labarin nadi, wato kulob ɗin 'yan harbi, a bayan gari ta wajen Jidda, bayan an fita iyakar Harami.

Shekaru ya yi yana zuwa nadin nan ranar hutunsa. A zauren cikin gida yake harbi, da ƙaramar bindigar haya, yana huda takarda a tsakiya har abin ya fara gundurarsa. Mai kula da wurin, Rakan, tsohon soja ne mai son surutu, suka saba. Wata rana Rakan ya nuna masa bidiyo a waya. Wani mutum ne kwance rub da ciki bayan wata doguwar bindiga mai ƙafafu biyu. Ya harba, ƙura ta tashi, sai shiru. Mahadi har ya buɗe baki zai ce ya kuskure, sai ga wata 'yar ƙara ta dawo daga nesa, siririya kamar an ƙwanƙwasa kofin shayi da cokali.

"Mita dubu," in ji Rakan. "Farantin ƙarfe ne, bai fi tiren shinkafa ba. Sai harsashi ya je, sannan ƙarar ta tako ta dawo."

Mahadi ya sa aka maimaita masa har batirin wayar ya yi ja. Tun daga ranar ya san abin da yake so a duniya bayan gamawa lafiya: ya ji wannan ƙara ta dawo masa, daga harbin da ya yi da hannunsa. Filin dogon zango yana can bayan nadin, amma ba a shigarsa sai da babbar bindiga ta kanka. Ga shi ya haura hamsin, ciwon suga ya fara leƙo shi, likita kuma ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa irin wannan ciwo ido yake fara nema.

Da aka sassauta bai wa 'yan ƙasa izinin mallakar bindigar wasa, ya nema, aka bincike shi ciki da waje, aka ba shi. Nasiha ta ce da ta san akwai irin wannan ajiyar kuɗi a gidan, da tuni an sake kicin. Ya ce mata kicin ba ya tsufa kamar ido. Ya jira lokacin baje kolin shaho da kayan farauta na Riyad, ya hau jirgi.

Yini guda ya yi yana zagaya rumfunan. Bai kula shahunan da ake ta ɗauka hoto ba. Ya ɗaga wannan, ya sa kunci a kan waccan, ya leƙa madubin hangen nesa iri-iri yana karanta rubutun da ke can ƙarshen zauren. Wani mai sayarwa, dattijo mai gaskiya, ya ba shi shawara ya fara da matsakaiciya, wadda ba ta dukan kafaɗa sosai, harsashinta kuma ba ya cin aljihu.

"In ka shekara biyu da ita, ya Hajj, sai ka dawo ka ɗauki babbar."

"Shekara biyun ce ba ni da tabbas," in ji Mahadi.

Ya zaɓi babbar. Launin rairayi gare ta, nauyinta kamar ka ɗauki yaron da aka yaye, harsashinta ya fi ɗan yatsansa na tsakiya tsawo. Da ya kwantar da kunci a kanta sai ya ji kamar da shi aka auna. Aka gaya masa za ta iso hannunsa bayan an gama shigar da ita cikin izininsa. Ya dawo gida yana fara'a, har da tsarabar dabino.

A nan ne ya tarar da Inna Hure. Nasiha ta riga ta fesa mata. Tana zaune a kan dardumarta, ba ta ko kalli dabinon ba.

"Auta, mi anka ce ka sawo?"

"Abin wasa ne, Inna. Riyada ce kawai, wasan motsa jiki kamar ƙwallo. Ƙarfe ake harbi, ba rai ba."

"Abin ga shina kashe mutum ko ba shi kashewa?"

"In an nufi mutum da shi…"

"Khalas. Ba shi kwana garin ga. Kakanka da wuƙar tafiyatai yaz zo, bakin iyaka yab ba wani Badawi, Balaraben jeji, ita, yash shigo hannu wofi. Kai ko ka kawo muna igwa?"

"Wallahi, Inna, da tasrihi na saya, izini a rubuce. Hukuma ta sani."

"Hukuma ba ita ta haihe ka ba."

Da bindigar ta iso, kai tsaye nadin ya wuce da ita, Rakan ya ba shi kabad na ƙarfe mai makulli. Abin bai dame shi sosai ba, don ai ba a falo zai harba ta ba.

Ranar Asabar ta farko ya tafi da wuri, ya sa sabuwar riga. Rakan ya ɗauke shi a motar nadin suka bi wata hanyar burji zuwa filin dogon zango. Rumfar kwano ce doguwa, an yi daɓen siminti, a gabanta fili fetal har gindin wani baƙin dutse. Mutum huɗu ko biyar na nan da nasu kayan. Rakan ya ce da yamma ake harbi a nan, lokacin da rana ke bayan mutum, farantan na ƙyalli. Ya miƙo masa madubi don ya ga na mita dubu. Mahadi ya ce ya bar shi, ai ga shi can, na uku daga hagu, fentinsa ya ɗan ɓare a gefe. Rakan ya leƙa madubin, ya girgiza kai, ya yi salati.

Sun kafa bindigar ke nan wayar wani ta yi kiran la'asar. Aka ce a fara yin salla. Mutanen suka jawo shimfiɗun da suke kwanciya a kai, suka jera su nan bakin layi, wani ya shige gaba. Mahadi ya shiga sahu, ya ɗaga hannu zai yi kabbara, sai ya ga farantinsa a gabansa sosai, bisa kafaɗar liman. Bindigarsa na gefe a kan ƙafafunta, ita ma can take kallo.

Hanyar burjin ce ta yi ta lanƙwasa har ta rikita shi, shi da bai taɓa ɓatan alƙibla ba. Yanzu kam ya gane. Bayan baƙin dutsen nan akwai wani dutse, bayan shi akwai hanya, bayan hanyar akwai Makka. Sallar nan dai ya yi ta ne kawai.

Da aka sallame, Rakan ya ce, "Yalla, Abu Nawaf, yau ranarka ce."

Ya kwanta. Ya sa harsashi, ya tura, ya ji ya zauna daram. Ya sa ido a madubi, farantin ya matso har yana ganin tabon harsasan wasu. Iska ba ta motsi. Ya sauke numfashi rabi kamar yadda ya saba, ya ɗora yatsa a kan kunama. Yatsan ya ƙi lanƙwasuwa. Ya janye, ya goge hannu a riga, ya sake. Gumi ya gangaro masa cikin ido.

"Esh fi, me ya faru?" in ji Rakan. "Ta cije ne?"

"Ba ta cije ba. Ya Rakan, layin nan ina yake kallo?"

"Dutse."

"Bayan dutsen fa?"

Rakan ya fashe da dariya, sauran suka taya shi. Ba dariyar wulaƙanci ba ce, abin ne ya zo musu bambaraƙwai. Wani injiniya a cikinsu ya yi masa bayani da natsuwa: ko sama ya ɗaga bakinta, harsashin nan ba zai ci kashi ɗaya cikin goma na tafiyar ba. Wani ya ce shekara nawa suna harbi a nan, cikinsu har da mai limanci. Mahadi ya ce ya sani, duk ya sani. Ya zare harsashin, ya mai da shi cikin kwali. Kunya ta kama shi sosai, irin wadda rabonsa da ita tun yana makaranta.

Bai tsaya nan ba, don shi ba mai taurin kai ba ne. Ya sami limamin masallacin unguwarsu bayan sallar isha'i, ya karanta masa duk yadda aka yi. Liman ya ce maganar ɗaukar makami a cikin Makka tana da asali, gara da ya bi ta mahaifiyarsa. Amma harbin ƙarfe a jeji, don kawai ya dace da saitin alƙibla, shi bai san inda aka hana ba, kuma ayyuka da niyya suke. Mahadi ya yi godiya, ya koma Asabar mai zuwa da ƙarfin gwiwa. Ya kwanta, ya auna, yatsa ya sake ƙi. Ya gwada rufe ido ya tuna maganar liman. Abin da ya zo masa shi ne falonsu na Aziziyya, da Inna zaune a kan darduma, a can ƙarshen bakin bindigar.

Ya roƙi Rakan ko za a kafa masa faranti ɗaya ta arewa. Rakan ya ce ta arewa akwai titi, ta kudu akwai masu raƙuma, dutsen da ke tare harsashi kuma ba shi ya ajiye shi a gabas ba.

Haka ya zama mutumin da ke da bindiga mafi kyau a nadin, wadda ba a taɓa harbawa ba. Duk Asabar sai ya zo, ya fito da ita, ya goge, ya sa mai, ya zauna a rumfa yana duba wa wasu inda harsashinsu ya faɗi. Mutane suka yi ta taya ta, ya ce ba ta sayarwa ba ce. Wasu suka ce ya ba su su buɗe masa ita, ya ce a'a. Nasiha ce ta gaya wa Inna Hure abin da ke faruwa, da fatan ko tsohuwar za ta ce masa ya je ya harba abinsa, ta yafe. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To mi yas sa shi saye ta?" Ta ci gaba da jan carbinta.

Suga kuwa bai jira kowa ba. Da farko wani ɗan baƙin ɗigo ne ke yawo a idonsa na dama, kamar ƙuda. Aka yi masa aiki, ya ɗan washe, ya dawo. A Hajjin da ya biyo baya wani jagora ya zo neman tsohuwar da ta ɓace, Mahadi ya hau rufin mota ya daɗe, ya sauko ya ce a kai cigiya wurin 'yan sanda. Kafin shekara ta zagayo kamfani ya sauke shi daga tuƙi, aka ba shi kujera a tasha yana sallamar motoci. Sunan mai ido dai bai bar shi ba, don mutane ba sa saurin sake suna.

A cikin hunturun shekarar ne Rakan ya zo masa da labari. Za a yi taron 'yan dogon zango a wani fili can arewa, wajen Ha'il, su ma za su je. Ya buɗe taswira a waya ya nuna masa: layin gabas yake kallo, Makka kuwa tana kudu, ba gabansa ba, ba ƙafafunsa ba. Mahadi ya karɓi wayar ya kai ta kusa da idonsa na hagu, ya duba da kansa. Ya nemi izinin tafiya da bindigar, aka ba shi. Suka kama hanya tun da asuba, ita tana kwance a bayan mota cikin akwatinta.

Sanyin wurin ya ba shi mamaki, har sai da Rakan ya ara masa rigar ulu. Aka kira sunansa bayan azahar. Ya kwanta, ya gyara ƙafafun bindigar, ya sa harsashin da ya taɓa zarewa. A wannan karon jikinsa sakayau yake, yatsan ma lafiya lau. Ya kai ido ga madubi.

Ya ga dutse ta gefe, ya ga sama, ya ga wata 'yar ƙaya tana kaɗawa. Tsakiyar ce babu. Daidai inda layukan madubin suka haɗu, nan wani toka-toka ya zauna, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a gilashi. In ya kawar da ido gefe, sai farantin ya ɗan bayyana a wutsiyar ido, in ya dawo kansa sai ya ɓace. Ya murɗa madubin gaba da baya. Ya gwada idon hagu, ya karkato da wuya ta kan gindin bindigar, amma shi ma hagun bai kai can ba.

"Kana ganinsa?" in ji Rakan, yana durƙushe a gefensa da nasa madubin.

"Na san inda yake."

Ya ajiye tokan a inda yake zaton farantin yake, ya sauke numfashi, ya ja. Bindigar ta daki kafaɗarsa kamar an banko masa ƙofa, ƙura ta turnuke rumfar. Ya yi maza ya fizge abin toshe kunne, ya kasa kunne. Ya jira. Iska kawai ke wucewa.

"Ban ga ma inda ya faɗi ba," in ji Rakan a hankali. "Sake, ya akhi. Zan riƙa gaya maka, dama ko hagu."

Ya sake har sau biyu, Rakan na cewa sama kaɗan, hagu kaɗan. Na ƙarshen ya tayar da ƙura can nesa da farantin, har wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Mahadi ya tashi zaune, ya kakkaɓe gwiwoyinsa. Baƙin ciki ya cika shi, bai kuma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ya daɗe yana shafa kafaɗarsa.

"Kwanta, ya Rakan," ya ce. "Harba mini ita."

"Abu Nawaf, ai ka ce ba wanda…"

"Na ce. Kwanta dai."

Rakan ya kwanta, ya ɗan murɗa madubin, ya sa harsashi. Aka miƙo wa Mahadi abin toshe kunne, ya ture. Ya tsaya a baya, hannayensa cikin aljihun rigar aro, ya juya kunnensa wajen dutsen. Ƙarar harbin ta girgiza kwanon rumfar. Sai shiru. Can sai ga 'yar ƙarar farantin, siririya, ta tako filin duka ta iso.

Rakan ya ɗago yana murmushi, ya ga fuskar abokinsa, murmushin ya tsaya. Mahadi ya gyaɗa kai sau biyu.

"Ashe tana kaiwa," ya ce.